Jitar akwati ko ta lantarki: wacce mai son rok zai fara saya a Garwa?

Ƙanena, ka ce kana lise, wato makarantar sakandare, a Garwa ta Kamaru, kiɗan rok ya shiga ranka tun bara, ka tara ɗan abin da ka samu a aikin hutu, yanzu kuma ka rasa wadda za ka saya tsakanin jitar akwati da ta lantarki. Ka ce duk wanda ka tambaya sai ya ce ka fara da ta akwati, wai ita ce tushe. Ni dai ban yarda da wannan doka ba, amma bari mu ajiye su biyun kusa da juna ka gani da kanka.

Abin da ya haɗa su ya fi abin da ya raba su yawa. Kowacce tsirkiya 6 gare ta, ɗaurinsu ɗaya ne: Mi, La, Re, Sol, Si, Mi, daga mai kauri zuwa siririya. Duk akor ɗin da ka koya a kan ɗaya, wato haɗin sautuka da ake dannawa a kaɗa tare, yana nan a wurinsa a kan ɗayar. Saboda haka kada ka ɗauka in ka zaɓi wannan ka rufe ƙofar waccan.

Bambancin yana farawa ne daga inda sauti ke fitowa. Ta akwati cikinta rami ne, fuskarta katako ne siriri, shi ke rawa idan ka kaɗa tsirkiya, shi ke tura sautin waje. Ta lantarki kuwa galibi gungumen katako ne kawai, ba rami. A ƙarƙashin tsirkiyoyinta akwai maganaɗisu da aka naɗe da siririyar wayar tagulla, shi ke ɗaukar rawar tsirkiya ya mayar da ita siginar wuta, ampili, wato na'urar ƙara sauti, ya ƙara mata ƙarfi. Tunda ba tsirkiya ce za ta girgiza katako da ƙarfinta ba, ba ta bukatar kauri. A nan ne yatsunka za su ba da shaida. Tsirkiyoyin ƙarfe na jitar akwati, masu lambar kauri 12 da aka fi sa mata, suna jan wuyan jitar da nauyin da ya haura kilo 70. Na lantarki masu lamba 9 ba su wuce wajen kilo 40 ba. Duk wadda ka ɗauka sai kan yatsunka ya yi zafi kafin ya yi kanta, wannan ba makawa, amma zafin ba ɗaya ba ne. Akwai akor ɗin Fa, wanda manuniya ke kwanciya ta danne tsirkiyoyi shida gaba ɗaya. A kansa ne yawancin masu koyo ke rataye jita a bango su koma kallon ƙwallo, kuma galibi a kan jitar akwati mai arha, mai tsirkiyoyi can sama da wuya, hakan ke faruwa. Masu cewa wahalar ce ke gina hannu suna da tasu gaskiyar, sai dai hannun da ya ajiye jita a wata na biyu ba abin da ya ginu a jikinsa.

Akwai ta uku da mutane ke haɗawa da ta akwati, wato mai tsirkiyar nailan, irin su Yamaha C40. Ita ce ta fi laushi a yatsa, amma wuyanta faffaɗa ne, milimita 52 a sama, alhali na lantarki bai wuce 42 ko 43 ba, kuma muryarta taushi gare ta, ba ta da cizon da kake nema. In wani ya ba ka ita kyauta ka karɓa ka gode. Abu ɗaya dai: kada ka yarda wani ya ɗaura mata tsirkiyar ƙarfe don ta ƙara ƙara. Ba a gina ta don wannan nauyin ba, gadar da ke riƙe tsirkiyoyi za ta ɗage, ko wuyan ya lanƙwashe.

Yanzu ga maganar da ta fi muhimmanci a wurina. Rok ne ya kawo ka, ba wani abu ba. Wannan gurnanin da ka ji a waya har tsikar jikinka ta tashi, ampili ne aka matsa wa sigina fiye da ƙima har sautin ya tsage, shi ne disto. Jitar akwati ba ta yin sa, ko ka kwana kana dukanta. Haka jan tsirkiya sama da yatsa har ta yi kuka, da barin sauti ɗaya ya daɗe yana ja bai mutu ba, duk aikin siririyar tsirkiya ne da ampili. Rabin kiɗan rok a kan akor mai tsirkiya biyu ko uku yake tafiya, yatsa biyu kawai, ka zame da su sama ka zame da su ƙasa. Da disto a ranar farko ma za ka ji abin da ya yi kama da wanda kake sauraro. A kan ta akwati wannan akor ɗin ba ya cika kunne. Kuma wuyan ta lantarki yana da gaɓoɓi 21 zuwa 24, wato layukan ƙarfen da aka gitta masa, an yanke jikinta ta yadda hannu zai kai can ƙasa inda ake solo, wato lokacin da jita ke jan kiɗa ita kaɗai, ita kuwa ta akwati cikinta ke tare ka tun daga gaɓa ta 12 ko ta 14.

Za a ce maka ai manyan makaɗa da yawa da ta akwati suka fara. Haka ne, amma abin da suka samu ke nan, ba wai sun zaɓa ba. Mdou Moctar na Nijar da hannunsa ya ƙera jitarsa ta farko, wayar birkin keke ya yi tsirkiya da ita. Ina so ka saurare shi, ka saurari Bombino na Agadas, ka saurari Tinariwen na Mali, ba Turawan Amurka da Ingila kaɗai ba. Dalilina shi ne solo na rok yawanci a kan sauti biyar yake yawo, kuma kunnen da ya tashi da garaya da molo da goge ya riga ya san wannan hanya tun yana goye. Ko a nan ƙasar, 'yan Les Têtes Brûlées a Yawunde sun ɗora bikutsi, kiɗan gargajiya na yankinsu, a kan jitar lantarki a shekarun 1980, mai jitarsu Zanzibar ya sa ta tana magana kamar balafon, kayan kiɗan nan na jerin katakai da ake bugawa da sanda. Ba baƙon abu za ka ɗauko ba.

Sai maganar gida, wadda ban ga ka ambata ba amma na san tana nan. Mutane suna ɗauka ta lantarki ce mai damun maƙwabta. A gidan yawa irin namu, akasin haka ne. Jitar akwati ba ta da maɓallin rage murya, in ka kaɗa ta bayan isha'i sai an ji ta har zaure, kuma mai koyo ba daɗin ji gare shi ba, layi ɗaya zai yi ta maimaitawa yana kuskure a wuri ɗaya. Ta lantarki idan ba a jona ta ba, wanda ke ɗakin kusa da kai ma da ƙyar zai ji. Akwai ƙananan ampili da ake cusawa a jikin jitar kai tsaye, ka sa abin ji a kunne, gurnanin duk ya ƙare a kanka kai kaɗai. Ka san yadda iyayenmu da yawa ke kallon kiɗa, wasu roƙo suke gani, wasu mashaya suke hangowa. Jitar da Baba bai ji ta lokacin salla ko lokacin barcinsa ba, kuma sakamakon makaranta bai sauka ba, ta fi daɗewa a gida. Ban ce ka ɓoye masa ba. Ka gaya masa kafin ka shigo da ita, ko ka bi ta wajen Inna ko wani kawu da yake jin maganarsa.

Inda ta akwati ta yi wa ta lantarki fintinkau shi ne wuta. Ba ruwanta da an ɗauke ko an kawo. Ka rataya ta a kafaɗa ka tafi bakin kogin Binuwai da yamma, ko majalisar abokai, ta yi aikinta. Ta lantarki kuwa ba ita kaɗai za ka saya ba, sai ampili, sai igiyar jonawa, kuma igiya ce ke fara lalacewa. Wutarmu 220 ce, in ka sayi ampili na gwanjo da ya fito daga Amurka ka duba bayansa, in 110 ko 120 aka rubuta, jonawa ɗaya zai ƙone. Gidaje da yawa kuma ba a haɗa musu wayar ƙasa ba, sai ka ji ampili na ta zuuu, wani lokaci ma tsirkiya ta ɗan ja ka a yatsa. Wannan ba abin wasa ba ne, musamman ga mai kiɗa ba takalmi a kan siminti da damina. Maganinsa ampili mai batir, irin ƙananan nan na Roland ko Blackstar, ko wancan na kunne. Da shi an kashe maganar ɗauke wuta da ta jan wuta gaba ɗaya.

Yanayinmu kuma ta akwati ya fi cuta. Masu ƙera jita suna son danshin iska ya tsaya wajen kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari, mu kuwa daga Nuwamba zuwa Maris iskar hunturu ba ta barin danshi ko a leɓen mutum. Siririn katakon fuskarta sai ya bushe ya tsuke ya tsage. Bazara ta biyo baya, zafin Garwa ya haura digiri 40, ɗakin kwano ya zama tanda, gam ɗin da ke riƙe gada ya saki. Jitar da ta zo daga danshin Duwala ita ta fi shan wannan wahala a shekararta ta farko. In ita ka saya, ka riƙa mayar da ita jakarta, ka sa ɗan soso mai laima a cikin robar sabulu mai huji ka ajiye a ciki, kada ruwa ya taɓa katakon. Gungumen ta lantarki ba ya tsagewa haka. Nata ciwon ƙura ce, ta shiga maɓallan murya su riƙa ƙarar ƙas-ƙas, sai kuma bakin ƙarafunan wuya da ke ɗan fitowa su karci hannu idan katakon ya tsuke. Duk waɗannan mai gyaran rediyo mai haƙuri da ɗan magagari sun isa. Tsagaggiyar fuskar akwati kuwa kafinta ba ya iya mata.

To ga nawa ra'ayin. In waƙa kake so ka rera a cikin abokai, ko kuɗinka ba zai kai jita da ampili ba sai ka sayi tarkace, ɗauki ta akwati mai kyau, irin Yamaha F310, ka sa mata tsirkiya lamba 10 don ta sassauta. Amma in abin da ke hana ka barci shi ne wancan gurnanin, sayi ta lantarki, ko da ta hannu ce. Squier ta gidan Fender ce, Epiphone ta gidan Gibson, sai Yamaha Pacifica, duk an yi su ne don masu farawa. Ka yi hattara da jabu, suna a kan jita fenti ne kawai.

Ranar saye kada ka tafi kai kaɗai. Nemi wanda ya iya, mafi sauƙin samu a garuruwanmu su ne masu kaɗa jita a coci da 'yan orkes, wato ƙungiyoyin makaɗan bukukuwa, kuma yawancinsu ba sa ƙin raka yaro mai son koyo. Ya ɗaga jitar ya hango wuyan daga sama ya ga bai murɗe ba. Ya duba tazarar tsirkiya da ƙarfen gaɓa ta 12, milimita 2 zuwa 3 ne daidai, in ta wuce haka sosai a ta akwati ku bar ta, a ta lantarki kuwa ana iya saukar da ita da ɗan makulli. Ya danna kowace gaɓa ya ji ba mai zizar banza, ya jujjuya maɓallai da igiya a jone. Ka kuma rage kuɗin saitin tsirkiya biyu a aljihu, don siririyar Mi ita ke fara tsinkewa a hannun mai koyon ɗauri, kuma sau da yawa sai an yi sautu daga Yawunde ko Duwala kafin a sami wata.