Shagon da na sayi keke mai batir a Manchesta, da maganar gudun da doka ta yarda

Jama'a masu niyyar sayen keke mai batir a nan Ingila, musamman 'yan uwanmu masu aikin kai abinci, ga ra'ayina kan wani ƙaramin shagon kekuna da ke unguwarmu inda na sayi nawa. Na gamsu da su gaskiya, kuma abin da ya fi burge ni shi ne mai shagon ba ya ɓoye maka doka don ya ci kuɗinka.

Wani dattijo ne, hannunsa kullum da baƙin mai. Da na tambayi irin masu ƙaton tayar nan da totur da ake talla a intanet, wat 750 ko 1000, sai ya ce shi ba ya sayar da su don hawa titi, ya sunkuya ya nuna min 'yar takardar da ke manne a jikin wani keke inda aka rubuta ƙarfin injin. Dokar ita ce injin kar ya wuce wat 250, kuma ya daina taimaka maka da ka kai mil 15.5 a awa wato kilomita 25, dole akwai feda mai aiki, mai hawa kuma ya kai shekara 14. In ya cika waɗannan to keke ne kawai a wajen hukuma, ba lasisi ba inshora ba haraji, hanyar kekuna ma taka ce. In ya haura kuwa ya zama babur, sai rajista a DVLA, wato hukumar rajistar ababen hawa, da lamba da inshora da lasisi da hular kwano, kuma in 'yan sanda suka tare ka ba inshora tarar fam 300 ce da makin laifi 6 a lasisi, ga shi suna iya kwace keken gaba ɗaya, to mutumin da da shi yake cin abinci ina zai sa kansa?

Wani abu da mutane ba su gane ba, 15.5 ɗin nan injin aka ƙayyade wa, ba kai ba. In ƙafarka na da ƙarfi ko kana gangara ka wuce haka ba laifi. Totur kuma a sababbin kekuna iyakarsa kamar tafiyar ƙafa, wajen kilomita 6 a awa, sai dai in an yi wa keken tantancewa ta musamman. A 2024 gwamnati ta nemi jin ra'ayin jama'a kan a ɗaga zuwa wat 500, a 2025 aka bar maganar, don haka kar wani ya ruɗe ku wai an canza.

Keken kansa ba laifi, a hawa tudu yake nuna amfaninsa, birki na kamawa ko da ruwan sama, wanda a garin nan kusan kullum ne. Amma a miƙaƙƙiyar hanya in injin ya yanke za ka ji nauyinsa a cinya sosai, kuma hawa da shi bene wahala ce wallahi, sai dai ka cire batirin ka shiga da shi.

Kuɗinsu ya fi na intanet tsada, ba ƙarya, kuma ba a ragi. Sai dai batir da caja na kamfanin ne, ni kuwa labarin gobarar batura a gidajen haya na tayar min da hankali ƙwarai, yawanci kekunan nan ne da mutane ke haɗa wa inji da batir da kansu, da kuma cajar da ba ta batirin ba. A gabana wani yaro ya kawo nasa a cire masa abin da ke tsayar da gudun, dattijon ya ƙi, ya ce ko nawa zai biya.

Gyara ne kawai suke jan ƙafa, shagon ƙarami ne ma'aikata kaɗan, ranar Asabar kuwa cika yake yi, in za ku je ku je tsakiyar mako da safe.