Kuɗin maganin Inna sun dawo, amma da sauran magana tsakanina da su

Shekara 11 ke nan ina riƙe da layin wannan kamfanin salula na ƙasar waje, ban taɓa zama na rubuta komi a kansu ba sai yau. Abin da ya same ni makon jiya ne ya sa.

Ranar Litinin da hantsi ƙanena ya kira daga Tawa, ya ce an kwantar da Inna a likita, hawan jini ya tashi, an rubuta ordinans kuma ba su da ko dala a hannu. Ina cikin shagona a kasuwar Katako, ga masu saye biyu tsaye a kaina. Na ciro salula, na shiga asusun kuɗi na layin, na tura jikka 60. Saƙo ya shigo cewa kuɗi sun tafi, na koma kan ciniki.

Bayan kamar minti 20 ya sake kira. "Yaya, har yanzu shiru fa." Na buɗe saƙon, na bi lambobin ɗaya bayan ɗaya. Takwas ne, bakwai daidai suke, ta ƙarshe na danna 6 a wurin 9. Gabana ya faɗi. Jikka 60 ribar fiye da mako biyu ce a wurina, ga kuma tsohuwa kwance tana jiran magani. Na kira lambar da kuɗin suka faɗa, ta yi ƙara ba a ɗauka ba. Na sake, haka. A karo na uku an kashe wayar.

Maƙwabcina na shago, Allah ya saka masa, ya ranta mini kuɗin nan take, na aika ta wurin masu aiken kuɗi na unguwa, aka sayi magani kafin azahar. Sannan na hau kabu-kabu zuwa azans ɗin kamfanin, raina a ɓace, na riga na shirya faɗa. Na ɗauki tikiti, na zauna fiye da awa guda. Da aka kira ni, wata yarinya na tarar, ba za ta wuce sa'ar ɗiyata ta fari ba. Na fara da Faransancina na kasuwa, sai ta ce, "Baba, yi Hausa, ina ji. Zauna tukuna ka sha ruwa." Ta karɓi katina na ɗan ƙasa, ta duba saƙon, ta shiga kwamfuta. Can ta ɗago ta ce, "Alhamdu lillahi, ba a cire su ba. Na tsayar da su yanzu, ba mai iya taɓa su." Na ce, "To ɗiyata, maido mini." Ta ce wannan ya fi ƙarfinta, domin kuɗin salula ba kamar kiredi ba ne, suna ƙarƙashin dokokin babban bankin BCEAO, sai an nemi mai lambar an ji ta bakinsa, sai kuma na sama da ita sun sa hannu. Ta rubuta mini lambar dosiye a takarda, ta ce in ba ta kwana huɗu.

Gaskiya ban yarda ba. Mu ƴan Yamai mun san ma'anar "dawo jibi". Amma ranar Laraba ita da kanta ta kira ni, ta ce an samu mutumin, wani dattijo ne a ƙauye, ya ga saƙon bai gane shi ba, ya ji tsoro ko ƴan damfara ne, shi ya sa ya kashe waya. Ranar Juma'a, ina fitowa daga masallaci, saƙo ya shigo: jikka 60 cif. Na tsaya a bakin hanya na yi wa yarinyar nan addu'a, na yi wa iyayenta. Da a ranar na rubuta wannan sharhi, da yabo kaɗai za ku karanta.

To amma da na tafi Tawa duba Inna, sai wani tsohon ciwo ya taso. Ta daɗe tana ce mini, "Ɗan nan, kiredin da kake sa mini ba ya albarka." Ni kuwa ina zaton jikoki ne ke cinyewa. Na karɓi wayarta na duba saƙonni, sai ga shi kowace rana ana cire mata dala 10 saboda wata waƙa da mai kira ke ji. Inna da ba ta san ma akwai waƙar ba. Wani saƙo ne ya shigo da Faransanci, yana cewa a danna 1, ita kuma ta danna don ya ɓace daga fuskar wayar. Wata nawa ana yi? Ta ce tun kafin azumi. Dala 10 ba komi ba ce a idon wanda ke zaune a ofis mai sanyi, amma jikka ɗaya da rabi ce a wata, daga hannun tsohuwar da ke kirga mintin da za ta gaisa da ɗanta na Abijan. Tun Maris na 2025 kundin sabunta ƙasa ya ce Hausa ce harshen ƙasa. Me ya hana kamfanin da ke cin kasuwa a Adar ya aiko saƙonsa da harshen da Adarawa ke ji, ko ya yi shi da murya? Lokacin da suke tallar sabon forfe, ai da Hausa da Zabarmanci suke yi a rediyo, sun san hanya.

Daga nan sauran abubuwan suka dawo mini. Ladan aike da suka cire ranar Litinin ba su maido ba, alhali aiken bai isa inda aka nufa ba. Kuma da sun nuna mini sunan mai lambar kafin in sa lambar sirri, da duk wannan wahala ba ta faru ba. Forfe na intanet kuwa, ka sayi na kwana guda, reso ya yi ta rarrafe, wa'adi ya cika, sauran mega su tafi ba ko sannu. A hanyar nan ta Doso, Dogon Dutsi, Ƙonni, akwai wuraren da saƙon murya na WhatsApp ke tsayawa yana juyi har ka wuce gari biyu.

Ba na manta alheri. A 2023, da Najeriya ta yanke mana wuta bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, unguwarmu ta sha duhu, amma layin ya ci gaba da aiki yawancin lokaci, kuma na san gazuwal da suke zuba wa injinan eriya ba kyauta suke samunsa ba. Ina kuma tuna zamanin da ƴan ci-ranin Tawa ke ɗaukar murya a kaset su ba direba, a yi mako uku kafin uwa ta ji ɗanta. Sai dai mun ga yadda kamfanin waje ke lissafi. Orange ta zo a 2008, ta sayar ta tafi a 2019, aka wayi gari da Zamani. Masu hannun jari suna can nesa suna duba riba, mu kuma lambar nan ita ce adireshinmu, ita ke rubuce a ƙofar shago. Shi ya sa nake ganin hukumar ARCEP mai kula da kamfanonin sadarwa ya kamata ta matsa a kan wannan cire-ciren da mutum bai nema da saninsa ba.

Ni dai ga inda na tsaya. Layin kira da asusun kuɗi na bar su, domin duk abokan cinikina wannan lamba suka sani, kuma yarinyar nan ta ci a zauna saboda ita. Intanet na mayar da shi kan pus na biyu. Waƙar Inna na sa ƙanena ya soke, na ce ya riƙa duba wayar kowace Juma'a. An sallame ta daga likita, tana gida tana shan magani. Kuɗin da aka yi ta cire mata tun kafin azumi kuwa, ranar Litinin zan koma azans da wayar a hannuna.