Kunun zaƙi: na garin leda ko na jiƙo?

Garin kunun leda an riga an niƙa shi da citta da kanumfari, damawa kawai ya rage. Ɗalibar Jami'ar Usmanu Danfodiyo mai sammakon lacca, wannan ya ishe ta.

Na jiƙo kuwa sai haƙuri. Gero ya kwana a ruwa, a kai inji da busasshen dankali, a dama rabin ƙullun, ya sha iska a zuba ɗanyen, ya sake kwana. Ɗanyen nan shi ke tsinka kunun ya fito da zaƙi, ga ɗan tsami mai daɗi da na leda bai da shi. Ni shi na fi so. Sai dai a zafin Afrilun Sakkwato, mai haura digiri 40, in babu firij, nan da nan tsamin zai wuce sha.