Katin Paul Skenes: wanne za ka saya, wanne za ka bari a kan tebur

Tun da Paul Skenes, mai jifa a wasan besbol na Amurka, ya lashe Cy Young ta 2025, kyautar gwarzon mai jifa, 'yan uwa mazauna Amurka da 'ya'yansu suka kamu da son besbol ke ta yi min tambaya ɗaya: in mutum zai sayi katin hotonsa irin wanda masoya wasa ke tarawa, guda ɗaya tak, wanne zai ɗauka? Ni dai ba na kwana-kwana a kan wannan. Katin Bowman Chrome na cikin jerin Bowman Draft na 2023, mai ɗan tambarin "1st" a kusurwa, shi ne nawa.

Sai ka san yaron kafin ka gane dalili. An haife shi a Kalifoniya a 2002. Ya yi shekara biyu a makarantar horar da hafsoshin sojan sama da ke Kolorado, sannan ya koma jami'ar LSU ta jihar Louisiana, ya kai su ga kofin jami'o'i na 2023. A shekarar ce 'yan ƙungiyar Pittsburgh Pirates suka ɗauke shi na farko cikin duk matasan da aka zaɓa, da kuɗin sa hannu dala miliyan 9.2. Ranar 11 ga Mayu 2024 ya fara jifa a babbar gasar besbol ta Amurka, a wasa da Chicago Cubs, kuma bayan wata biyu kacal shi aka ba ya buɗe wasan taurari. Ya rufe kakar da nasara 11, rashin nasara 3, ya sallami masu bugu 170, kuma a kowane zagaye tara maki 1.96 kawai ake samu a hannunsa. A 2025 lissafin ya tsaya a 1.97, amma nasararsa 10, faɗuwa 10, don abokan wasansa ba sa ci masa maki. Wannan yana ci min rai ƙwarai. Ka kalle shi sau ɗaya: dogo, ƙaƙƙarfa, ƙwallo na fita daga hannunsa da gudun mil 100 a awa, sai kuma ya sako wata da ke tahowa tamkar waccan, tana isowa gaban mai bugu ta nutse ƙasa, sanda ta daki iska.

Katin Bowman ɗin nan shi ne na farko da ya nuna shi cikin rigar Pirates, tun kafin ya taka babban fili. Masu tara kati sun daɗe da yarda cewa "1st Bowman" shi ne tushen katunan kowane ɗan wasa na wannan zamani, kuma abin da kasuwa ta yarda da shi ba ya wahalar sayarwa ranar da buƙata ta taso. Jikinsa mai kauri ne, mai sheƙi, kusurwoyinsa ba sa saurin lanƙwashewa kamar na takarda. Akwai fari na kowa da kowa, akwai mai walƙiyar bakan gizo da ake kira Refractor, sannan masu launi da aka ƙidaya adadinsu a jiki: shuɗi 150, kore 99, ruwan zinare 50, ruwan lemo 25, ja 5, da Superfractor guda ɗaya a duniya. Wanda ke ɗauke da sa hannunsa kuwa, a jikin katin kansa ya sa, ba a wata 'yar takarda da aka liƙa daga baya ba. In aljihunka matsakaici ne, ɗauki fari ko Refractor wanda PSA, kamfanin tantance kati, ya ba shi maki 9 cikin 10. Tazarar kuɗi tsakanin 9 da 10 babba ce, idonka kuwa da wuya ya ga bambancin.

Na Topps Update na 2024 mai alamar "RC", wato katin shekararsa ta farko a babbar gasa, ba laifi, ya dace da kyauta ga yaro, amma an buga shi da yawan gaske. Na Panini ba su da lasisin sa tambarin ƙungiya, hular fayau take, ka wuce. Topps Now gwargwadon masu oda ake bugawa, to ina ƙarancin yake?

Sayen rufaffen kwali da fatan Skenes zai fito daga ciki, wannan caca ce, kada mu sake mata suna. Kowa na ba da labarin yaron nan ɗan shekara 11 a yankin Los Anjeles da ya tsinci katin da aka manna wa ƙyallen rigar wasan Skenes na farko, wanda Pirates suka yi tayin kujerun kallo na shekara 30 a kansa, aka ƙi, aka sayar a gwanjo a Maris 2025 kan dala miliyan 1.11. Ba wanda ke ba da labarin dubban da suka yage kwali suka tashi da tarin takarda.

Yanzu ga abin da ya sa na zauna rubutun nan. An taɓa cuta ta, kuma har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Wani na gani a intanet yana sayar da katin cikin rufaffen gidan roba irin na masu tantancewa, da lambar shaida a sama, farashi ƙasa da na kasuwa. Na duba lambar, ta fito daidai. Ya ce in tura kuɗin ta hanyar da ake tura wa dangi, wai don a kauce wa caji, na tura. Da saƙon ya iso na ɗaga shi saitin fitila, sai na ga gefen robar ya yi fari-fari kamar hazo, alamar an ɓalle an sake mannewa. Na sa gilashin ƙara girma: sunan da ya kamata ya fito tsaf, gefensa ya jeme, duk ɗige-ɗige. Lambar ta gaske ce, amma daga hoton katin wani aka kwafo ta. Mutumin kuwa ya goge shafinsa, kuɗi sun tafi ke nan.

Don haka lamba kaɗai ba ta isa ba. In rumbun masu tantancewar na ɗauke da hoton katin, ka jera shi da wanda ake nuna maka, ka dubi inda hoton ya zauna tsakanin gefe da gefe, ka dubi kowane ɗan tabo. Ka nemi hoton baya da na gefen robar. Mai gaskiya ba ya jin haushin wannan. Ka karanta bayanin talla har ƙarshe, domin 'yan damfara kan ɓoye haruffa biyu, "RP", a can ƙasa, ma'ana an sake bugawa ne, in ka yi ƙorafi su ce ai sun faɗa. Akwai sa hannun da inji ya buga, ana sayar da shi a matsayin na alƙalami. Karkata katin a haske, tawadar gaske tana zaune a saman sheƙin. Akwai masu aske gefen kati da reza don kusurwa ta yi kaifi, shi ya sa in za ka sayi wanda ba a tantance ba, ka aza shi a kan wani ka ga ko tsayinsu ɗaya, inci biyu da rabi a uku da rabi. A gwanjo ma wasu na sa abokansu su riƙa ƙara tayi. Farashin da aka riga aka sayar shi ne ma'auninka, ba wanda mai kaya ya rubuta ba. Kuma kada ka biya ta hanyar da ba a iya dawo da kuɗi, ko da rantsuwa aka haɗa ka.

Saura maganar hannu. Gwiwar hannun mai jifa ba ta da tabbas. Stephen Strasburg ya sallami mutum 14 a wasansa na farko a Yunin 2010, da Pirates ɗin nan ma, katunansa suka yi tashin gwauron zabi, kafin ƙarshen Agusta jijiya ta tsinke, aka shiga tiyata a farkon Satumba. Mark Prior ya yi nasara 18 a 2003, bayan 2006 bai sake jifa a babbar gasa ba. Ina yi wa Skenes fatan tsawon kwana a fili, amma kada ka zuba kuɗin haya ko na makarantar yara a kati.

In za ka kai wa wani tsaraba gida, Kano ko Maraɗi, wanda ke cikin gidan roba ka ɗauka. Katin Chrome tsirara yana lanƙwasa in iska ta sauya tsakanin danshin damina da bushewar hunturu. A ajiye shi cikin akwati, nesa da taga, don rana na cinye tawadar sa hannu.