Hattara da Masu "Gas Ya Ƙare" a Gyaran Esin Mota

Jama'a masu motoci, akwai wata cuta da ta zama ruwan dare a harkar gyaran esi, ta shiga jiki har mutane sun daina kallonta a matsayin cuta. Esin motarka ya rage sanyi, ka kai wa mai gyara, kafin ka rufe baki ya ce, "Yallaɓai, ai gas ne ya ƙare." Ya ɗauko gwangwani ya ɗura, sanyi ya dawo, ka biya ka tafi kana shi masa albarka. Bayan 'yan makonni zafi ya dawo, ka koma, ya sake ɗurawa. A zuwa na uku sai ya girgiza kai ya ce kwamfuresa ta mutu. Da haka ake tatsar mutum har ya gaji ya haƙura ya koma sauke gilashi.

Abin da ba sa so ka sani shi ne gas ɗin esi ba ƙonewa yake yi kamar fetur ba. Zagaye yake yi a cikin rufaffen bututu. Kwamfuresa ta matsa shi, ya je kondensa da ke gaban lagireto ya zubar da zafi ya zama ruwa, ya bi ta wani ɗan ƙaramin bawul ya faɗa ebaporeta da ke ɓoye cikin dashbod, a nan ya kwashi zafin cikin mota, sannan ya koma wurin kwamfuresa. Gas ɗaya ne yake ta kewayawa. Gaskiya ne yana iya raguwa kaɗan-kaɗan cikin shekaru ta jikin tiyo da robobin mahaɗa. Amma gas ɗin da aka cika yau ya ɓace cikin wata guda, to akwai inda yake yoyo, kuma wanda ya sake ɗura maka ba tare da ya nemo wurin ba ya san zuba ruwa yake yi a kwando. Ya kuma san za ka dawo.

Ku lura da wani salo da suke yi. Zai buɗe bonet, ya kwance ɗan murfin robar da ke kan bututun esi, ya sa bakin sukuddireba ya danna ƙusar bawul ɗin. Idan ya yi "tsss" a hankali, sai ya waigo ya ce, "Ka ji ko? Babu komai a ciki." Idan ya feso da ƙarfi, sai ya ce iska ce ta cika shi, dole a zubar a sa sabo. Ko ta ina dai kai ne za ka biya. Wannan ba gwaji ba ne. Kunne ba ya auna matsi, kuma duk dannawar da ya yi gas ɗinka ne yake zubarwa a iska. Gwajin gaske da geji ake yin sa, mai agogo biyu, shuɗi na ɓangaren ƙaramin matsi, ja na ɓangaren babban matsi. A motar da ke amfani da nau'in gas ɗin esi mai suna R134a, idan inji yana aiki kuma esi na kunne, shuɗin galibi yakan tsaya tsakanin 25 da 45 a ma'aunin psi, jan kuma tsakanin 150 da 250, ya ɗan haura idan rana ta ƙwalle. Yadda alluran biyu suka tsaya da juna ne ke nuna ko gas ne ya yi ƙasa, ko toshewa ce, ko kwamfuresa ce ta gaza. Mai gyaran da ya yanke hukunci bai ɗaura geji ba, ciniki yake nema.

Sau da yawa ma matsalar ba ta shafi gas ba ko kaɗan, kuma kai da kanka za ka iya gane hakan kafin ka je wurin kowa. Idan esi yana sanyi sosai a kan babbar hanya amma ya koma hura ɗumi da zarar ka tsaya a cunkoso, fara duba fankar da ke gaban inji, ko tana juyawa idan aka kunna esi, da kuma kondensa, ko ƙura da ganye da ƙwari sun toshe ta. Idan iskar tana da sanyi amma ba ta fitowa da ƙarfi ko an ƙure fanka, a yawancin motoci akwai filtar iska a bayan akwatin ajiyar takardu na gaban fasinja, kuma akwai masu motar da ba su ma san da zamanta ba. Cire ta ka gani. Idan kuma sanyi ya ɗauke gaba ɗaya farat ɗaya, to fiyus da rile (ɗan makunnin lantarki) ne abin fara dubawa, abubuwa ne 'yan mitsi-mitsi. Akwai ma wata 'yar ƙofa a cikin dashbod mai gauraya iska mai zafi da mai sanyi. Idan ta maƙale, esi lafiyarsa ƙalau amma ɗumi za ka riƙa ji. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ƙarin gas ke gyarawa. Hasali ma gas idan ya wuce ƙa'ida matsi ne yake hauhawa, sanyi ya ragu, kwamfuresa ta sha wahala.

A wajen kwamfuresa ne ake yin babbar yanka, domin tana cikin mafi tsadar kayan esi. Tana mutuwa, ba a musu. Sai dai da yawa daga cikin waɗanda ake cirewa ba su mutu ba. A tsofaffin motoci akwai kuloci na maganaɗisu a goshinta, wanda za ka ji ya yi "ƙat" idan an kunna esi. Idan ya cinye, tazararsa ta yi faɗi, sai ya riƙa kamawa da safe ya ƙi kamawa idan inji ya ɗau zafi. Wannan gyaran kuloci ne kawai. A sababbin motoci da yawa kuma akwai wani bawul na lantarki a jikin kwamfuresa da ke sarrafa ƙarfinta, shi kaɗai kan lalace, kuma ana iya canja shi. Macuci ba zai faɗa maka ba. Zai cire taka, ya sa maka wata tsohuwa da aka wanke aka fesa wa fenti, ya karɓi kuɗin sabuwa, sannan ya gyara taka ya sayar wa na bayanka. Shi ya sa nake cewa duk abin da aka cire daga motarka, ka ce a sa maka shi a but. Idan ya fara kame-kame, ka samu amsa. Idan kuwa da gaske kwamfuresa ta farfashe daga ciki, ɓarɓashin ƙarfe ya riga ya bazu cikin bututu, don haka sai an wanke layin an canja diraya, wato abin da ke tsotse danshi daga cikin gas, sau da yawa har da kondensa. Wanda ya ɗaura sabuwa a kan wannan datti ya kashe ta tun ranar farko.

Wani abin da ya fi ba ni haushi shi ne haɗin waya. Akwai wani makunni mai lura da matsi, wanda ke hana kwamfuresa tashi idan gas ya yi ƙasa ƙwarai ko matsi ya yi yawa. Ba don ado aka sa shi ba. Man da ke shafe cikin kwamfuresa tare da gas yake zagayawa, idan babu gas ta yi aiki a bushe. Sai ka ga mutum ya zare soket ɗin makunnin, ya lanƙwasa guntun waya ya cusa a ramukan biyu, kwamfuresa ta kama, ya naɗe da baƙin salatif ya tura ƙarƙashin wasu wayoyi inda ido ba ya kaiwa. Masu gyara na gaskiya kan yi haka na 'yan daƙiƙoƙi don gwaji, su cire. Wanda ya bar maka shi a haka ya cire wa motarka mai gadi, kuma kwamfuresar da ya ce za ta mutu, da hannunsa ya kashe ta.

Sai maganar gas ɗin kansa, wadda ta wuce asarar kuɗi ta kai ga rai. A ƙarƙashin bonet akwai 'yar takarda manne da ke faɗin irin gas ɗin motar da nauyinsa a giram. Ƙananan motoci galibi tsakanin giram 400 da 800 suke ɗauka. Motocin da aka ƙera kafin tsakiyar shekarun 1990 da R12 suka zo, wanda aka daina saboda yarjejeniyar Montreal ta 1987 kan kare sararin samaniya. Bayansa R134a ya maye gurbi. Daga 2017 kuma Tarayyar Turai ta hana sayar da sababbin motoci masu R134a, shi ya sa sababbi da yawa ke zuwa da R1234yf, wanda ya fi tsada nesa ba kusa ba. Bakin ɗurinsu ma daban ne, don kada a gauraya. To akwai masu sa mahaɗi su ɗura mai arha su karɓi kuɗin mai tsada. Akwai kuma jabun gwangwanaye masu rubutun R134a amma cikinsu gauraye ne da R22 na esin ɗaki, ko gas mai kama wuta, ko R40. Wannan na ƙarshen yana cin alminiyam, ya haifar da wani sinadari da ke kama wuta da kansa idan ya haɗu da iska. A 2011 kwantenonin sanyi na jiragen ruwa da aka ɗura wa irin wannan jabun gas sun fashe a Biyetnam da Barazil, ma'aikata uku suka rasa rayukansu. Kayan esin mota kuwa, kondensa da ebaporeta da jikin kwamfuresa, kusan duk alminiyam ne.

Saboda haka idan an ce gas ya yi ƙasa, tambayarka ta farko ita ce, "Malam, ta ina ya fita?" Mai sana'a na ƙwarai ba zai ji haushi ba. Zai duba mahaɗai da kondensa ya nemi inda mai ya jiƙa ƙura ta manne, domin inda gas ya fita mai na biye da shi. Zai iya matsa naitirojin a layin ya bi da ruwan sabulu, ko ya sa rini mai haske da ake gani da fitila ta musamman, ko ya yi amfani da na'urar sansano yoyo. Bayan ya toshe wurin zai ɗaura injin zuƙe iska na kimanin rabin awa ko fiye, ya rufe ya jira ya ga ko allura za ta motsa. Wannan matakin ne masu gaggawa ke tsallakewa, alhali danshin da ya rage a ciki yana daskarewa a bawul ya toshe shi, yana kuma haɗuwa da mai ya zama asid mai cin ƙarfe. Sannan ya ɗura gas da sikeli, daidai nauyin da ke jikin takardar, ba wai ya sa hannu a bakin iska ya ce "ya isa haka" ba. Kada ka yarda a zuba maka ruwan nan da ake cewa yana toshe yoyo da kansa, ya fi saurin toshe bawul da kondensa.

Masu motoci masu haɗin fetur da batir, ku ƙara kula. Kwamfuresar da yawansu ta lantarki ce mai babban ƙarfin wuta, kuma manta na musamman ne wanda ba ya ɗaukar lantarki. Idan aka zuba mata man kwamfuresa na gama-gari, ko aka yi amfani da tiyon da ya riga ya jiƙe da shi, motar tana iya gano yoyon wuta ta kashe esin, wani lokaci ma ta ƙi tashi. Ku tambayi irin man da za a sa kafin a ɗaura tiyo, ku kuma ce a nuna muku robarsa.