Exact Audio Copy ko fre:ac: wanne za ka ɗauka don kwashe waƙoƙin CD?

Dukansu manhajojin kwamfuta ne na kyauta, amma halinsu ya sha bamban. Exact Audio Copy (EAC), wadda Andre Wiethoff ya fitar a Jamus a 1998, ba ta da gaggawa. In ta iso wurin da faifai ya karce, sai ta yi ta maimaita karanta wajen har ta gamsu, sannan ta auna sakamakon da rumbun AccurateRip, inda ake gwada kwafinka da na waɗanda suka kwashi faifai iri ɗaya. Wannan tsantsenin yana cin lokaci, saita ta a karon farko kuma akwai ɗan wahala. A Windows kaɗai take aiki.

Ita kuwa fre:ac, sauri ne abin tinƙahonta. Ka saka faifai, ta nemo sunayen waƙoƙi daga intanet, ka zaɓi tsarin adana sautin, MP3 ko FLAC, shi ke nan. Tana aiki a Windows da macOS da Linux.

Mai tarin faifai masu lafiya ya ɗauki fre:ac. Amma tsohon faifan da ba a samun irinsa yanzu, ni dai EAC zan ba shi, in adana a FLAC don kada sautin ya ragu.