Veronica Mars: yarinyar ta burge ni, marubutan sun ɓata min rai

'Yata ce ta dame ni da maganar shirin nan, wai ƙawayenta duk sun gani. Ni kuwa abu ba ya shiga gidana sai na fara gani da idona, don haka na ce ta dakata tukuna. Wanda bai kalla ba ya sani zan tona labarin.

Tsohon shiri ne, tun 2004 aka fara shi, Kristen Bell ce ta fito a Veronica. Babanta Keith shi ne shugaban 'yan sandan wani gari da suka kira Neptune a Kalifoniya. Da aka kashe Lilly Kane, aminiyar Veronica, sai ya zargi mahaifin yarinyar, hamshaƙin attajirin garin. Nan take aka tsige shi, matarsa ta gudu, ƙawaye suka juya wa 'yarsa baya. Ya koma bincike na kansa, ita kuma tana taya shi bayan an tashi makaranta, da kyamara da tsohuwar motarta.

Wuri ɗaya ne a kashi na farko ya hana ni barci. An zuba wa Veronica ƙwaya a abin sha a wajen wani fati, ta farka da safe ta gane an yi mata fyaɗe. Haka ta taka da ƙafarta har ofishin sabon shugaban 'yan sanda, Lamb, fuska duk kwalli ya dame da hawaye. Mutumin nan ya dube ta ya mayar da abin ba'a, yana tambayarta ko so take ya je ya kamo 'ya'yan manyan gari. Ko takarda bai ɗauko ba. Wallahi sai da na tsayar da kallon na yi shiru. Mu da muke zaune a Makka mun san wannan kallon. Yarinya tana aikatau a gidan mutane, iƙama ta mutu ko dama babu, a yi mata abin da aka ga dama, ta je wajen wa? Ta dawo Sharar Mansur, unguwar mutanenmu a Makka, ta gaya wa uwa, uwa ta ce rufa mana asiri. Veronica ma ɓoyewa ta yi, ko babanta ba ta gaya wa ba. Amma ba ta kwanta ta mutu ba, ita da kanta ta bi 'yan fatin ɗaya bayan ɗaya tana tambaya.

Abin da ya ƙara kama ni shi ne garin nasu. Mutum ko dai ɗan mai kuɗi ne, ko iyayensa suna yi wa mai kuɗi aiki. Weevil, yaron da ke jagorantar 'yan babur, kakarsa aikatau take yi a gidan su Logan, wani ɗan mai kuɗi da ke makarantar su Veronica, kuma duk abin da ya ɓace shi ake fara kamawa. Ba sai an yi wa Batakare bayanin wannan ba. Ga kuma Keith, uban da ke sauraron 'yarsa, ya yi mata faɗa idan ta wuce gona da iri amma bai taɓa ce mata hankalinki na mata ne ba. Har maigida na kira na ce zo ka ga uba.

Zuwa ƙarshen zango na farko na gama yanke cewa zan ba shi yabo cikakke. Sai na fara lura da yadda suke yi da manyan mata. Uwar Veronica mashayiya ce, yarinya ta kwashe kuɗin da ta tara na jami'a ta biya mata asibitin daina shaye-shaye, ta gudo ba ta gama ba, ƙarshe ta sace cakin kuɗin mijinta ta ƙara gaba. Uwar Lilly zuciyarta kamar dutse. Uwar Logan ta faɗa ruwa daga kan gada. Haba! In ban da mahaifiyar Wallace, abokin Veronica, da ƙyar ka ga uwa ta kirki a garin nan.

Zango na uku kuwa shi ya ƙona min rai gaba ɗaya. An koma jami'a, ana ta yi wa ɗalibai fyaɗe ana aske musu kai, sai marubutan suka sa 'yan matan da ke fafutukar kare mata suka ƙirƙiri fyaɗen ƙarya don a rufe gidajen ƙungiyoyin samari. Shirin da ya fara da nuna mana zafin a ƙaryata yarinya, shi ne ya dawo ya miƙa wa irin su Lamb hujja a hannu. Wannan ban yafe musu ba. Na lallaɓa na kalli zango na huɗu na 2019 ko za su gyara, sai ga shi ranar da Veronica ta auri Logan ba a jima ba bam ya tashi da shi a mota. Wato mace ba za ta haɗa aure da aikinta ba ke nan?

Na ce wa 'yata zango na farko kaɗai za ta gani, ina zaune kusa da ita da rimot a hannu, domin akwai shaye-shaye da rungume-rungume da ba su dace da mu ba. Ta ce, "Umma, sauran fa?" Na ce sai ta gama sakandare mu sake magana, na uku kuwa ko a lokacin sai na yi tunani.